Me Ake Nufi da "Process"? Asalin Kalmar, Rassanta, da Yadda Ya Dace a Faɗe Ta da Hausa

Mutum zai kai takardunsa ofis, ya koma bayan wata biyu, a ce masa har yanzu suna kan process. Mai POS zai zura kati a na'ura, allonta ya nuna processing, shi da mai kuɗin su zuba ido suna jiran abin da zai biyo baya. A labaran rana za a ji kotu ta mayar da wani ma'aikaci bakin aikinsa saboda ba a bi due process wajen korarsa ba, da yamma kuma likita ya fito a Facebook yana jan kunnen iyaye game da processed food. Wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ma da wuya ya fito ba a yi masa bayanin processor ba. Tambayar ita ce, shin kalma ɗaya ce take yawo a duk waɗannan wurare, ko kuwa kamannin furuci ne kawai? In kuwa ɗaya ce, me ya haɗa sammacin kotu da kifin gwangwani da ɗan guntun da ke cikin waya, kuma da wane suna Bahaushe zai kira ta?

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce "tsari". Ba kuskure ba ce gaba ɗaya, amma a ganina ta tauye wa kalmar abin da ya fi komai muhimmanci a cikinta, wato motsi. Tsari yana iya shekara goma a takarda bai gusa ba, kuma sunansa tsari. Process kuwa, a asalinta da kuma a mafi yawan rassanta, abu ne da ke tafiya daga wani mataki zuwa wani, wanda in ya tsaya cak to ya daina cancantar sunan.

Tushenta a harshen Rumawa

Kalmar ta fito ne daga Latin, harshen Rumawan dā. A cikinsa akwai aikatau cedere, wanda ke nufin tafiya ko gusawa, wani lokaci kuma ja da baya don a ba wani wuri. Da aka sa masa ɗafa-goshi pro, mai ma'anar gaba, sai aka sami procedere, wato tafiya gaba, daga nan kuma aka ciro sunan processus. Da za a bi ginin kalmar gaɓa da gaɓa, da "ci gaba" za a ce da Hausa. Sai dai mu a wurinmu ci gaba ya riga ya ɗauki ƙamshin alheri, domin in an ce gari ya sami ci gaba kowa ya san yabo ne. Process ba ruwanta da yabo ko zargi. Nunar tumatir a gona process ne, ruɓewarsa a kwando ma haka, kuma zaizayar ƙasa da tsufan ɗan Adam duk suna shiga ƙarƙashinta.

Wannan tushe na cedere ya haifi zuriya mai yawa da muke ji kullum a labarai ba tare da mun lura 'yan gida ɗaya ba ne. Da re, mai nufin baya, aka gina recess, hutun da majalisa ke tafiya, da recession, koma bayan tattalin arziki irin wanda Nijeriya ta shiga a 2016 da 2020. Da se, mai nufin gefe, aka gina secession, abin da muke kira ɓallewa ko a-ware. Concede ita ce amsa kaye, kamar yadda Goodluck Jonathan ya yi a 2015 lokacin da ya buga wa Muhammadu Buhari waya kafin a gama bayyana sakamako. Procession jerin gwano ne, irin na mahaya ranar hawan Sallah, proceeds kuma kuɗin da suka fito daga ciniki. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ancestor, daga antecessor, wanda ya riga tafiya gaba, domin hoton nan ne dai Hausa ta yi amfani da shi da ta ce "magabata".

Ta Faransanci ta bi, kuma a kotu ta fara zama

Bayan da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarnoni. Ta wannan ƙofa kalmar proces ta tsohon Faransanci, mai nufin tafiya da gudanar al'amari da kuma shari'a, ta shiga Ingilishi a farkon ƙarni na 14. Ma'anar da aka fi sani yau, wato jerin ayyukan da ake yi ɗaya bayan ɗaya don cim ma wani sakamako, sai a ƙarni na 17 ta kafu.

Faransanci na yau ya rarraba aikin tsakanin kalmomi: procès ita ce shari'ar da ake yi a gaban alƙali, procédure ƙa'idar da ake bi, procédé dabarar sana'a, processus kuma gudanar al'amari mataki-mataki. Shi ya sa Bahaushen Maraɗi da na Katsina, duk da kusancinsu, ba abu ɗaya suke ji ba idan aka furta kalmar. Wanda ya yi boko a Nijar kotu zai fara tunawa, ko kuma procès-verbal, wadda ake taƙaitawa PV, takardar da jandarma ke rubuta bayanin abin da ya faru, ko wadda ake cikewa a rumfar zaɓe bayan ƙirga ƙuri'u. Wanda ya yi boko a Nijeriya kuwa layin ofis zai fara tunawa.

A bakin lauyoyin Nijeriya, waɗanda suka gaji dokar Ingila, tsohuwar ma'anar tana nan da ranta. Idan lauya ya ce court process, takardun kotu yake nufi, musamman wadda ake kai wa mutum don a sanar da shi an yi ƙararsa, wato sammaci, kalmar da ita kanta Hausa ta aro daga summons. Isar da wannan takarda hannun wanda ake ƙara ba ƙaramin abu ba ne, domin idan ba a isar da ita yadda doka ta ce ba, kotun ba ta da hurumin yanke masa hukunci, kuma ana iya rushe duk abin da ta yanke. In an neme shi an rasa, sai an nemi izinin kotu kafin a liƙa takardar a ƙofar gidansa ko a buga ta a jarida. Akwai kuma abuse of court process, wato amfani da kotu ta hanyar da ba ta dace ba, kamar shigar da ƙara ɗaya a kotuna biyu ko uku don a gajiyar da abokin shari'a.

Due process: bashi ne a kan hukuma

A nan ne rashin fahimta ya fi yawa, kuma a nan ya fi cutarwa. Mutane da yawa suna jin due process a matsayin jan ƙafa irin na ofis, wani abu da jami'i ke fakewa da shi don kada ya yi aiki. Tarihin lafazin ya nuna akasin haka. A 1215 manyan hakiman Ingila suka tilasta wa Sarki John amincewa da yarjejeniyar Magna Carta, wadda a cikinta ya yi alkawarin ba za a kama ɗa, wato wanda ba bawa ba, ko a tsare shi ko a ƙwace dukiyarsa ba sai da hukuncin tsararrakinsa ko bisa dokar ƙasa. A 1354, zamanin Sarki Edward na Uku, wata doka ta sake faɗin wannan alkawari, ta faɗaɗa shi ga kowane mutum ko mene ne matsayinsa, ta ce ba za a raba shi da gonarsa ko a ɗaure shi ko a kashe shi ba sai an ba shi damar kare kansa ta hanyar due process of law. Daga can Amurka ta ɗauke shi ta sa a gyara na biyar na kundin tsarin mulkinta a 1791, ta maimaita a gyara na goma sha huɗu a 1868 don ya hau kan jihohi.

Kalmar due ita ce mabuɗin. Ta fito daga debere na Latin, wato a bi mutum bashi, tushen da ya haifi debt. Ke nan ma'anar ita ce matakan da hukuma ke ɗauke da bashinsu, waɗanda dole ta sauke kafin ta taɓa ran mutum ko 'yancinsa ko dukiyarsa: ta sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi, ta ba shi lokaci ya shirya, ta saurare shi a gaban wanda ba shi da ɓangare. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi wannan a sashe na 36, inda ya ce a saurari mutum cikin adalci kuma cikin lokacin da ya dace. Sashe na 35 ya fayyace cewa wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. A lura, gaggawa tana cikin haƙƙin, saboda haka tsare mutum wata shida da sunan ana bin ƙa'ida saɓa wa due process ne kai tsaye.

Ma'anar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san shari'ar Musulunci. An ruwaito cewa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai aika Sayyidina Ali Yaman a matsayin alƙali, ya umarce shi da kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta bakin na farko. Ƙa'idar cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma kan wanda ya musa, mataki ce da alƙali ba shi da ikon tsallakewa. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na Arewa ke aiki da shi akwai i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai faɗa wa ko yana da sauran hujja kafin a rufe magana, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci saboda an tsallake shi. Don haka fassarar "bin ƙa'ida" da kafofin labarai ke yi ta yi daidai, in dai mai sauraro ya san cewa hukuma ce ƙa'idar ta ɗaure.

A Nijeriya lafazin ya sami ma'ana ta biyu a zamanin Obasanjo, lokacin da aka kafa wani sashe a fadar shugaban ƙasa don tantance farashin kwangiloli, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta har aka yi mata laƙabi da Madam Due Process. Dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta mayar da aikin hannun hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati, BPP, ta kuma wajabta tallata kwangila da barin 'yan kwangila su yi takara a fili. Masu sukar wannan hanya suna cewa tana jinkirta aiki har damina ta riski titin da ya kamata a gama da rani, kuma ba ta hana masu hannu da shuni shirya takarar bogi ba. Masu kare ta suna cewa duk inda aka ce a tsallake tallatawa saboda gaggawa, a nan farashi ke ninkawa. Ina tare da na biyun, amma ƙorafin na farkon yana da tushe, domin matakin da ba a ɗaure shi da wa'adi ba yakan zama shingen karɓar na goro.

Daga turmin daddawa zuwa masana'antar taki

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai yin daddawa ya ga ma'anar kalmar ta sana'a da idonsa. Ana zuba kalwa a babbar tukunya a yi ta dafawa, wani lokaci har ta kwana a wuta, sai ɓawonta ya yi laushi. Sannan a zuba ta a turmi a surfa, a kai ta ruwa a wanke a rege har ɓawon ya rabu da ƙwayar, a sake dafawa, a tsane, a zuba a kwando ko ƙwarya a lulluɓe sosai a ajiye inda ke da ɗumi. Bayan kwana biyu ko uku warinta zai sanar da maƙwabta cewa ta yi. Daga nan sai kirɓi, a mulmula, a shanya a rana. Babu matakin da za a iya gabatarwa ko a jinkirta ba tare da an ɓata aikin ba, kuma abin da ya fito a ƙarshe ba shi ne abin da ya shiga ba. Hukumar ƙa'idojin inganci ta duniya, ISO, ba ta wuce wannan ba da ta bayyana process a matsayin ayyuka masu alaƙa da juna da ke karɓar abin da aka zuba su fitar da sakamakon da ake nema.

Juyin masana'antu na Turai ne ya yaɗa wannan ma'ana, har aka riƙa laƙaba wa kowace dabara sunan wanda ya ƙirƙiro ta. A 1856 Henry Bessemer ya fito da hanyar hura iska cikin narkakken ƙarfe don ƙone dattinsa, abin da ya karya farashin ƙarfen dogo da na gini. Wadda ta fi shafar manomin Arewa ita ce ta Haber da Bosch. A 1909 Fritz Haber ya nuna a Jamus cewa ana iya haɗa naitirojin da ke cikin iska da haidirojin a ƙarƙashin matsi da zafi mai tsanani a sami amoniya, Carl Bosch kuma ya mayar da gwajin masana'anta a 1913. Daga amoniyar nan ake yin takin yuriya, kuma da yake daga iskar gas ake ciro haidirojin ɗin, farashin buhun taki yana bin farashin gas a kasuwar duniya, kamar yadda manoma suka ji a jikinsu a 2022.

A wannan fage Hausa ba ta da matsala, domin tana da "sarrafa". Kalmar aro ce daga Larabci, daga tushen da ya ba mu ilimin sarfu, wanda ke nazarin yadda ake jujjuya kalma daga siga zuwa siga, kuma jujjuyawar nan ce ainihin abin da ake yi wa shinkafa ko fata ko ɗanyen mai.

Abincin da aka sarrafa: ina haɗarin yake?

Matsalar tana tasowa ne idan aka fassara gargaɗin likitoci da cewa a guji "abincin da aka sarrafa", domin tuwo ma sai da aka surfa hatsi aka niƙa aka tankaɗe. Wasu kan ce "abincin gwangwani", wanda shi kuma ya yi ƙunci. Masu bincike a Jami'ar Sao Paulo ta Brazil, ƙarƙashin Carlos Monteiro, sun fito da rabon da ake kira NOVA mai rukuni huɗu. Na farko shi ne abincin da ba a taɓa ba ko aka ɗan gyara, kamar gero da wake da nono da gari. Na biyu kayan haɗi irin mai da gishiri da sukari. Na uku abin da aka haɗa daga waɗannan biyun, kamar kifin gwangwani da gyaɗa mai gishiri. Na huɗun ne ake yawan kuka da shi, wato abin da masana'anta ta harhaɗa da sinadaran launi da ɗanɗano da hana lalacewa waɗanda babu su a madafin gida, kamar lemon kwalba da biskit da taliyar leda mai dahuwa cikin mintuna. Akwai masana abinci da ke sukar rabon da cewa ya fi kallon yadda aka yi abu fiye da abin da ke cikinsa, kuma muhawarar ba ta ƙare ba.

A watan Oktoba na 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadari a jerin abubuwan da aka tabbatar suna iya jawo cutar, ta ce cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin dajin hanji da kusan kashi 18 cikin ɗari. Ƙari ne a kan haɗarin da mutum yake da shi tun farko, ba wai mutum 18 cikin ɗari za su kamu ba. A ɗaya ɓangaren, dafa madara don kashe ƙwayoyin cuta shi ma sarrafawa ne, kuma ya ceci rayuka masu yawa.

A cikin kwamfuta da waya

Masana kwamfuta sun ba kalmar ma'ana ta musamman: manhajar da ke kan aiki a wannan lokacin. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne allo da karatu. Allon da aka rubuta aka jingine a zaure shi ne manhaja a ma'ajiya, biya karatun kuma shi ne process. Almajirai biyu suna iya biya sura ɗaya a lokaci ɗaya, kowa yana kan ayarsa, haka nan manhaja ɗaya tana iya zama process biyu ko goma, kowanne da lambarsa da kason ƙwaƙwalwar da aka ware masa. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura tana raba musu lokaci da saurin da ido ba ya kamawa, shi ya sa ake ganin kamar komai yana gudana tare. Wanda ya buɗe Task Manager a Windows zai ga jerinsu, kuma saƙon da wayar Android kan nuna cewa wani process ya tsaya yana nufin wani aiki guda ya sarƙe, ba lallai ne wayar ta lalace ba. Unix, ɗaya daga cikin manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969, shi ya yaɗa kiran wanda ya haifar da wani aiki uwa ko uba, wanda aka haifar ɗa, wanda mahaifinsa ya rufe ya bar shi kuma maraya.

Processor shi ne guntun da ke aiwatar da umarnin. Intel 4004, wanda ya fito kasuwa a 1971 bayan an ƙera shi don injin lissafi na wani kamfanin Japan, yana da taransisto, wato ƙananan makunnan lantarki, 2,300, na wayoyin yau kuwa biliyoyi suke ɗauke da su. An saba ce masa "ƙwaƙwalwar kwamfuta", sunan da ke rikita mai saye, domin da shi ake kiran RAM, wato wurin riƙe aiki na wucin gadi, da ma ma'ajiyar hotuna. Waya mai faɗin ma'ajiya da raunin processor za ta ɗauki hotuna dubbai amma ta riƙa nauyi. Ginin kalmar Hausa ya ba da mafita mai sauƙi: kamar yadda buɗe ya ba da mabuɗi, auna ya ba da ma'auni, sarrafa zai ba da masarrafi. Processing ɗin da na'urar POS ke nunawa kuwa saƙo ne da ya tashi daga na'urar ya bi ta kamfanin da ke sada bankuna zuwa bankin mai kati, ana jiran ya dawo da amsa. Idan hanya ta yanke bayan banki ya cire kuɗi, ba aljihun mai POS suka shiga ba, kuma takardar da na'urar ta fitar ita ce hujjar da za a kai banki.

Ɗaliban likitanci suna da tasu ma'anar da ta sha bamban, wato tsinin ƙashi da ya turo gaba, kamar tudun da ake ji a bayan kunne ko ɗan tsinin da ke ƙarshen ƙashin ƙirji. A nan ma pro ɗin nan ne, abin da ya fito gaba.

Saɓanin masu fassara

Akwai masu ganin a ari kalmar kawai a ce "furoses", tunda ta riga ta shiga bakin mutane, kuma Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro ba, ga sammaci da kotu da lauya shaida. Akwai masu son a tsayar da kalmar Hausa guda, galibi "tsari", don littattafan makaranta su daidaita. Hujjar daidaito mai ƙarfi ce, amma tsari ya riga ya ɗauki kaya da yawa, domin shi ake ba system, shi ake ba plan, shi ke cikin tsarin mulki. A duba zaɓe: doka da hukuma da rabon mazaɓu su ne tsarin zaɓe, yadda za a tantance mai ƙuri'a da na'urar BVAS ƙa'ida ce, wato procedure, abin da ke faruwa tun daga rajista har zuwa hukuncin kotun ƙoli kuwa gudanar zaɓe ne, kuma shi ake nufi da electoral process. Ana iya samun kyakkyawan tsari da mummunar gudanarwa, kuma wanda ya kira su da suna ɗaya ba zai iya faɗin inda aka yi ɓarna ba. Haka peace process, lafazin da ya yaɗu bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973: idan aka ce "tsarin zaman lafiya" sai a zaci an riga an cim ma wani abu, alhali "yunƙurin sulhu" ya fi nuna cewa tafiya ce da ba a kai ƙarshenta ba, kamar yadda Falasɗinawa ke gani tun yarjejeniyar Oslo ta 1993.

Larabci bai tilasta wa kansa kalma ɗaya ba. Yana cewa amaliyya ga aiki mai matakai, mu'alaja ga sarrafa bayanai, ijra'at kuma ga matakan ofis da kotu, daga tushen da ke nufin gudanar ruwa, daidai da hoton da ke cikin namu "gudana". Wannan ce hanyar da nake ganin ta fi dacewa da Hausa: sarrafawa a masana'anta da kwamfuta, sammaci ko takardun kotu a shari'a, bin ƙa'ida inda ake maganar haƙƙi, matakai ko gudanarwa a ofis. Aron "furoses" bai saɓa wa ɗabi'ar harshe ba, illarsa ita ce yana barin kalmar a dunƙule, mai ji bai san abin da zai tambaya ba.

Abin da wannan ke nufi ga mai bin takarda

Wani kawuna da ya yi ritaya daga koyarwa ya shafe watanni yana zuwa wani ofis neman haƙƙinsa na barin aiki, kullum amsa ɗaya, fayil yana kan furoses. Ranar da ya tambaye ni ma'anar kalmar na fahimci cewa shi a zatonsa sunan wani sashe ne a cikin ginin, inda takardu ke jiran layi. Na raka shi, muka roƙi wani ma'aikaci ya lissafa mana matakan da fayil ke bi. Ya ce akwai tantance takardu, sai lissafin kuɗi, sai binciken odita, sai sa hannun shugaba, sannan biya. Da muka tambayi a wane mataki namu yake, aka duba aka tarar bai bar na farko ba, saboda babu kwafin takardar kama aikinsa, kuma tsawon watannin nan babu wanda ya gaya masa. Takardar tana gida a cikin akwatinsa.

Da an ce masa tun farko fayil ɗin yana matakin tantancewa, da ya tambayi abin da ake tantancewa. Duk wanda aka gaya wa cewa fasfo ko fansho ko takardar fili tana kan process yana da damar ya nemi a faɗa masa matakai nawa ne, a wanne take, a teburin wa, me ake jira, kuma kwana nawa aka ƙayyade wa matakin. Kawu ya kai kwafin takardar washegari, aka karɓa aka sa a fayil, magatakarda ya rubuta kwanan wata a bangonsa ya miƙa shi ga masu lissafi.